Jan Zare a Babin Ƙarshe

Ina goge tabarauna da bakin riga, kamar kullum kafin in buɗe jarida a ɗakin karatu, sai ga shi tsaye gaban ma'aikaciyar da ke ba da aron littattafai. Dattijo ne siriri, kafaɗunsa a ranƙwafe, guntayen zare manne da hannun rigarsa. Na ɗauka tela ne. Littafin da ke hannunsa na binciken kisa ne, an ɗaure shafukan ƙarshe da jan zare.

"Baba, an yi ta ƙara maka wa'adi, kuma wani na jira," in ji ta. "Bana ka cinye mana littattafan aljanu da na dodanni kaf, wannan ne ya gagare ka?"

"Ba gagara ba ce, 'yar nan. Gwaggonki, uwargidana, nake karanta wa tun da idonta ya tafi. Yanzu ba ma nisa sai jikin ya motsa mata."

"Zaren fa?"

"Ita ta ɗaure, ta san ni da leƙe. Ta rantse direban ne ya yi kisan, ni na ce surukar ce. Ba na so in gano ni kaɗai."

Ma'aikaciyar ta daɗe tana duban ƙullin. Ni kuwa gado nake hangowa a zuciyata kusa da taga, da murya tana karatu a hankali.

Ta buga hatimin ƙarin wa'adi. "Ka ce mata ina bayanta, direban ne."

Ya yi dariya ba sauti, ya rungume littafin a ƙirji, ya fita da saurin mutumin da ake jira.