Silin Gashi a Wayar Inna

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa Kazaure na saya wa Inna wayar shafawa. Tana ƙauyenmu can bayan Gwiwa, kullum ƙorafinta ba ta ganin jikokinta. A gabana mai shago ya yanke ledar kwalin, ya kunna wayar, ya ce, "Malama, sabuwa ce dal." Ban tsaya dubawa ba, na jefa ta a jaka na nufi tasha.

Inna ce ta gani. Muna zaune a inuwar ɗakinta da hantsi, ta goge fuskar wayar da bakin zaninta, ta sake gogewa, sannan ta ajiye ta a kan tabarma a hankali.

"Ke, gashin wane ne wannan?"

Na karkata wayar wajen haske. Silin gashi ne guda, baƙi, ya kwanta a karkace daga kusurwar sama zuwa tsakiya. Na sa farce in cire, ban taɓa shi ba. A ƙarƙashin gilashin yake.

"Daga kamfani ne, Inna, kuskure ne."

"Ba a ba mutum abu da gashin wani a ciki," in ji ta.

Na mayar wa mai shagon. Bai yi musu ba. Ya sauko da sauran irinta ya buɗe mini: wata bayanta a karce, wata murfinta bai zauna ba, wata da ɗigon ƙura a cikin idon kyamara. Ya ce, "Haka kayan yanzu suke zuwa. Da can sai an duba kafin a rufe kwali, yanzu ba mai dubawa. Wallahi taki ta fi su lafiya." Na koma da ita, na yi ta lallashin Inna har ta yarda mu yi kiran bidiyo da yayanta, Kawu, da ke sana'ar shanu a Babura.

Fuskarsa ta fito yana dariya. Gashin ya ratsa goshinsa, ya bi ta kan idonsa na hagu. Yana ta zolayarta, ita ko murmushi ba ta yi ba.

"Yaya, matsa gefe."

Ya matsa, sai sabis ya ɗauke. Hoton ya tsaya cak, bakinsa a buɗe, gashin na nan a kan idon. Inna ta kife wayar.

Kafin a yi girbi Kawu ya rasu. Ya daɗe yana fama da ciwon suga, kowa ya sani, ni ma na faɗa wa kaina haka. Inna ba ta taɓa danganta rasuwar da wayar ba. Ta dai saka ta a kwanon sha, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Matar ƙanena ta ce duk lokacin da na kira, sai kwanon ya yi ta gunji a ɗakin, Inna na zaune tana jan carbi har ya yi shiru. Da cajin ya ƙare aka huta.

Bayan sadakar arba'in na ɗauko ta. Da na sa mata caji, sai na ga kamar gashin ya sauko ƙasa da inda na san shi. Ba zan rantse ba.

Na kai wa wani mai gyara a kasuwar Kazaure, mutum mai yawan barkwanci. Ya gasa gefen gilashin, ya ɗaga, ya kama bakin gashin da hantsaki ya ja. Ya yi ta ja yana fitowa. Ashe abin da muke gani kaɗan ne, sauran ya naɗe a bayan allon. Ya fi kamu ɗaya tsawo, miƙaƙƙe, mai santsi, ba irin namu ba. Wajen tushensa fari ne. Mai gyaran ya ninke shi a takarda ya miƙo mini.

"Malama, tafi da shi. Kar ki bar min shi a nan."

Na yi niyyar yarwa a hanya, na kasa. Da na buɗe takardar a gaban Inna, na zaci za ta ja da baya. Sai ta ɗora shi a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

"Mace ce," ta ce. "Har ta fara furfura. Tana can tana sunkuye tana aiki, ba ta ma san ya faɗi ba."

Ta tashi ta zaga bayan ɗaki, inda take binne nata gashin idan ta yi tsifa. Ta tona da tsinke, ta saka shi, ta mayar da ƙasa ta danne da diddige.

Ta karɓi wayar, tana amsa kira har yau. Amma idan na kira ta da hoto, azarar rufin ɗakinta kawai nake gani, muryarta tana zuwa daga gefe.