Ranar da aka fizge rawanin ƙanena

Ina sayar da albasar Tabelot a kasuwa wata ƙungiya ta kafa rumfa kusa da ni, ana gwajin sida, wato ƙanjamau, kyauta. Kowa ya san masu neman maza ne suka kafa ƙungiyar. Maza suna shiga layi, rawani ya rufe fuska, ba mai gane kowa. Ni kam na gane ƙanena da takalmin aikinsa na mahaƙar kwal ta Anou Araren. Ya yi watanni yana ramewa, ni na matsa masa ya zo.

Bayan azahar wasu ƙatti suka taso suna fizge rawunna.

"Mu ga fuskokin amare!" in ji ɗayansu.

Na miƙe na ce, "Ɗan banza, uwarka kake nema a layin?" Na jefe shi da albasa. Ina amfani, sun riga sun fizge rawanin ƙanena a gaban maƙwabtanmu.

Ƴan sanda suka zo. Rumfar suka kwashe, ƙattin suna kallo.

Ƙanena bai ƙara yarda ya je ko asibiti ba. Na yi jinyarsa a ɗakina har ya rasu, ba a taɓa gwada jininsa ba.