Hagun Mai Aski

Aski yake yi tun yana saurayi, bai taɓa yin wata sana'a ba. Shagon kujera biyu ne, da dogon madubi, da bencin masu jira. Kujera ɗaya tasa, ɗaya ta abokin aikinsa, wani siririn mutum da ake ce wa Dogo. Shi kuwa Gwani ake kiransa. Ba shi da surutu, abin da ba a saba gani ga masu aski ba. Ka zauna, ya ɗaura maka ƙyalle, ya gama, ya kakkaɓe maka wuya, ka tashi.

Ya daɗe yana fama da ciwon kai, ya sha magani ya koma aiki. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi da injin aski a hannu, sai asibiti. Aka ɗauki hoton kai, aka ga ƙari a ƙwaƙwalwa, aka yi aiki aka cire. Aka sallame shi da ɗinki daga saman kunnen dama har tsakar ka, da hannun hagu da ya koma kamar na aro. Yana ɗaguwa, yana motsi, amma yatsun ba sa jin abin da suka taɓa.

A gida aka mayar da shi ɗakin ƙurya, wai ya fi shiru. Tagar ɗakin bangon maƙwabta take kallo. Matarsa ta sa labule mai kauri don haske na tayar masa da ciwon kai. Babbar yayarsa, da suke kira Yaya Babba, ta kwaso kayanta ta tare a gidan, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta zama mai gadi. In ya miƙe za shi banɗaki, sai ta miƙe. In ya kai hannu ga kofi, an riga shi. Wuƙa, almakashi, reza, har abin yanke farce, duk an kwashe an ɓoye. Ba wanda ya gaza masa. Matarsa ta rame wajen jinyarsa, ita ke juya shi, ita ke wanke gefen ɗinkin da auduga. Sai dai mutumin da ya ƙare rayuwarsa a tsaye, yanzu zama kawai aka yarje masa, ya kalli labule.

Masu dubiya kuwa bakinsu ɗaya.

"Gwani, ka gode wa Allah, ai hagu ne. Da dama ce fa?"

Sai ya ce alhamdulillahi. Su a ganinsu dama ke aski, tunda ita ke riƙe inji. Har ƙwallon roba suka saya masa, Yaya Babba tana danƙa masa a dama ya riƙa matsawa, wai kada hannun sana'a ya mutu. Ba su san dama bin umarni kawai take yi ba. Hagu ke riƙe mataji, hagu ke naɗe kunne, hagu ke ja fata ta miƙe. Ita ke shafa kai ta gano ƙurji ko tsohon tabo kafin ƙarfe ya isa wurin. Bai tsaya yi musu bayani ba. Da ya fara, za su ce kada ya sa damuwa a ransa.

Wata rana da yamma Dogo ya zo. Ya zauna a gefen gado, ya yi ta juya hularsa.

"Benci ya cika, Gwani. Mutane na gajiya da jira suna tafiya. Akwai wani mai aski da ke son kujerarka. Ba korarka nake yi ba, wallahi. Ka faɗa mini kawai, in riƙe maka ko in ba shi."

"Ka zo da inji?"

"Yana cikin jaka."

"Fito da shi."

Yaya Babba ta leƙo. "A fito da me? Kai Dogo, dubiya ka zo ko tayar da fitina? Mutumin da aka buɗe wa kai kamar tukunya?"

"Yaya, in ban gwada ba ba zan iya ba shi amsa ba."

"To ka gwada a kan wa? Kaina?"

Ƙaninsu, autan gidan, direban babbar mota ne, ƙato mai yawan raha. Yana falo yana jin su. Ya shigo yana cire hula.

"Ga kai nan kyauta. Tun ina ƙarami kuke cewa ba komai a cikinsa, ko ya fasa ba asara."

"Auta, zan ci mutuncinka."

"Ki ci bayan an yi mini aski, Yaya Babba, in fi kyan ci."

Matar Gwani ta tashi. Ta ɗauki kujerar roba ta kai baranda, ta jawo wayar wuta ta taga, ta kawo tsohon zane a madadin ƙyalle. Rabon Gwani da barandar nan tun ranar da aka dawo da shi. Hasken ya soke masa ido. Ya tsaya har ya lafa.

Inji ya ɗauki kuka a hannun dama, hannun bai yi rawa ba. Ya bi ƙeyar Auta daga ƙasa zuwa sama, gashi na zuba a kan zane. Dogo ya gyaɗa kai. Yaya Babba ma ta saki ƙirjinta da ta dafe.

"Kun gani? Na ce muku dama ce sana'a!"

Gwani ya zo gefen kunne. Ya kai hagu ya naɗe kunnen, yana kallon yatsun da ido tunda ba ya jin su. Ya mayar da ido kan bakin inji don ya fitar da layi. A nan kunnen ya kuɓuce, yatsun ba su gaya masa ba. Auta ya ɗan zabura, sannan ya maze.

"Ci gaba, Yaya. Sauro ne ya cije ni."

Auta ya kai hannu ya rufe wurin, kamar mai susa. Amma jini ya bi ta tsakanin yatsunsa ya ɗiga a kan zane.

"Ɗan ƙwarzane ne," in ji Dogo. "Ni ma ina yi."

"Yaushe ka taɓa yi?"

Dogo ya kawar da kai. Gwani ya ci gaba.

"Da ɗan wani ne fa a kujerar, uwarsa na zaune a benci?"

Gwani ya kashe inji. Ya busa gashin da ya maƙale a haƙoransa, kamar yadda ya saba, ya miƙa wa Dogo.

"Ka ba mutumin kujerar. Ka gaya masa ƙafarta ta baya tana lilo, ya sa mata katako."

"In hannun ya dawo fa?"

"In ya dawo ka ji ni. Ƙarasa wa wannan, kada ya fita da rabin kai ya ba ni kunya."

Matarsa ta kawo auduga ta danna wa Auta a kunne. Dogo ya kunna inji. Gwani ya so ya tsaya ya ga yadda zai fitar da layin, amma Yaya Babba ta riga ta kama masa gwiwar hannu.

"Ya isa haka. Iska ta yi maka yawa."

Bai yi gardama ba. Ta mayar da shi ɗaki, ta zaunar da shi a bakin gado, ta ja labule.