Murja da ta hana a sayar da sunan Kwali

Ƙarfe shida na safe Malama Murja Rilwanu take barin unguwarsu ta Orozo, don idan ta ƙara minti goma cunkoson Nyanya zai riƙe ta har hantsi. Bas biyu take hawa, sannan tasi ta sauke ta a ƙofar ma'aikatarsu. Aikinta karɓar takardun masu neman a yi wa sunan kayansu rajista: ta duba, ta rubuta ra'ayinta, ta miƙa sama. Ƙarshen watan nan take cika shekara talatin da biyar a bakin aiki, za ta yi ritaya, kuma ko hotonta ba a taɓa bugawa a jarida ba.

Shekara shida da suka wuce wani ɗan kasuwa ya kawo mata fayil. Yana da masana'antar da inji ke fitar da tukwane, yana so sunan Kwali, garin da ya yi suna wajen ginin tukwane, ya zama tambarinsa shi kaɗai.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a Kwali ake gina su?"

"Madam, suna ne kawai. Ki miƙa sama."

"Ai sunan yana da masu shi."

Ta miƙa fayil ɗin, amma da rubutunta a goshinsa cewa kada a amince. Oganta ya kira ta ya ce, "Murja, dokar da za ta mallaka wa ƙauye suna ba ta fito ba tukuna. Wa ya aike ki?" Ta koma teburinta ta kasa zama, ta kai ta kawo har aka tashi.

Ranar Asabar ta hau mota sai Kwali. Aka nuna mata gidan Magdalene, dattijuwar Gbagyi mai ginin tukwane tun tana yarinya. Murja ta same ta tana zagaya randa, hannu duk yumɓu, ta yi mata bayani: idan rajistar ta tabbata, mutumin zai iya hana su sa sunan garinsu a kan kayansu. Magdalene ta tsaya ta dube ta.

"'Yata, in ya ɗauki sunan, mu za mu ce tukunyarmu daga ina ta fito?"

Wa'adin shigar da ƙorafi gajere ne. Asabar bakwai Murja ta yi tana zirga-zirga. Ta rubuta inda suke haƙo yumɓu, da yadda suke gini da hannu, da zanen ƙadangare da kifi da suke yi da tsinke, da yadda suke gashi a fili da itace da ciyawa. Mata arba'in da ɗaya suka dangwala yatsa. Ta roƙi wata lauya maƙwabciyarta, Barista Juwairiyya, ta tsaya musu kyauta. Juwairiyya ce ta gaya mini cewa ranar da za a saurari ƙorafin, Murja ta kasa shiga, sai ta yi ta sintiri a baranda da carbi a hannu. Aka hana ɗan kasuwar sunan. Bayan wata guda aka mayar da Murja ɗakin tsofaffin fayiloli, ƙarin girma ya tsallake ta sau biyu.

Malama Murja, ke ce kika ga suna a takarda kika tuna da hannuwan da suka gina shi. Ke ce kika ci ƙurar ɗakin fayiloli shekara biyu ba ki kai ƙarar kowa ba. Garkuwar magina, sannu da aiki.

Sai dai ita ba ta ɗauki wannan a matsayin nasara ba. Har gobe idan ta ratsa kasuwar Wuse tana ganin tukwanen inji ana cewa na Kwali ne, ta tsaya ta juya su, ta ajiye, ranta a ɓace. Takan ce, "Hana shi muka yi, ba mu ba su ba." Shi ya sa duk taron da ake yi kan dokar kare sunan kaya da garinsu za ka gan ta a layin baya, hannunta a sama. Ta tara fayil goma sha bakwai, na masu zuma, na masu kilishi, na masaƙa, tana jiran ranar da za a ce a kawo. Ga ritaya ta riga dokar zuwa. Makon jiya ta damƙa su ga abokiyar aikinta Lubna, ta kai bakin ƙofa ta dawo har sau uku tana ƙara mata bayani.

Mun gode, Malama. Allah Ya ba ki lafiyar ganin ranar da za a buɗe fayilolin nan. Ku kuma da ke kan tebura irin nata, ku riƙa karanta abin da ake miƙo muku kafin ku miƙa sama. Wani lokaci gari guda ne a cikin fayil ɗin.