Kaikaice da Maganar Likita

A gidan rediyo aka laƙaba masa suna Kaikaice, sunan kuma ya bi shi har gida. Barkwanci ne sana'arsa, kuma tun yana saurayi bai taɓa kama sunan kowa ba. Zai ce akwai wani mahauci mai tausayi ƙwarai, wanda ba ya barin sikeli ya wahala shi kaɗai, sai ya taya shi da yatsa. Mutane su yi ta dariya, mahauta su yini suna kumbure-kumbure. In aka tambaye shi da wa yake, sai ya ce shi dai makirufo kawai ya gani a gabansa.

Matarsa ce kaɗai ta iya da shi. In ya dawo a makare, sai ta tambayi ƙofa ko ta san wannan baƙon mai kama da maigidan. Haka suka tsufa, faɗansu da shirinsu duk a fakaice.

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti, likita ya kira shi ofis tare da 'yarsu. Likitan ya daɗe yana juya biro a hannu, sannan ya ce su koma da ita gida ta huta, duk abin da ranta ya so a ba ta. 'Yar ta yi hamdala, wai an sallame su. Kaikaice kuwa, irin wannan maganar da ita ya ci abinci, ya san inda ta dosa. Ya zuba wa fanka ido yana jiran ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji ba. Ya fita nemo mota.

A gida matar ta dube shi daga kan gado, ta ce, "Malam, yau dai faɗa mini kai tsaye."

Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne labulen nan yana son wanki. Ta ɗan kalle shi, ta gyaɗa kai, ta ce a kira mata yayarta.

Bayan rasuwarta ya koma aiki. Har yanzu yana sakin habaici, masu ɗaukar shirin suna ƙyaƙyatawa a bayan gilashi, shi kuwa sai ya jira su gama ya ci gaba. Da yamma 'yar takan kawo masa abinci. Ya ci rabi, ya rufe sauran, ya zauna a bakin ƙofa.