Muryar Inna a Tsohuwar Kwamfuta

Tun ina ƙarama an san ni da gaggawa. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce ko ruwa na ɗora sai na buɗe tukunyar sau goma. Wannan halin ya kusa jawo mini asarar da ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Ƙanwata da ke aure a Bacirawa ce ta ba ni tsohuwar kwamfutarta, don in riƙa buga tambayoyin jarrabawa, da yake ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu. Da ita na ɗauki muryar Inna wata biyu kafin rasuwarta. Muna zaune muna ɓarar gyaɗar iri na kunna, ba ta sani ba. Ranar ce ta yi abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta yi maganar Yaya. Shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa irin mutanen da ce, ba ta kama sunansa, ba ta hira da shi. In ya zo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. Yana kudu wajen fataucin shanu ta rasu, ko jana'iza bai samu ba. Na ce masa a waya na yi masa ajiya, ya ce zai zo ranar Juma'a. Maganar nan kuwa babu ita a ko'ina sai cikin kwamfutar.

To ni yadda nake kashe ta, danne maɓallin nake yi har ta yi ɗif, kamar rediyo. Da ta fara nuna baƙin allo da farin rubutu duk na kunna ta, tana ƙirga daga goma zuwa ɗaya, sai na gano in na taɓa kowane madanni za ta wuce. Kullum haka nake yi, har ina ganin na yi dabara.

Ranar Alhamis da hantsi ta ce ba ta san zancen ba. In na taɓa sai ta mutu ta sake tashi, ta dawo kan baƙin allon. Sau biyar! Na yi mata masifa kamar tana ji. Wallahi tsoro ya kama ni. Na kira ƙanwata.

"Anti, kin kashe ni!" in ji ta. "Ai ba lalacewa ta yi ba. Kayan cikinta kika hargitsa da wannan kashewar taki, shi ne take so ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta mayar da kowanne wurinsa, ke kuma kullum kina hana ta. Ki kunna, ki ɗauke hannunki. Ko za ta kai la'asar kar ki taɓa, kar kuma wuta ta yanke mata."

Ga batirin ba ya minti ashirin, ga damina, kwana uku rana ba ta fito sosai ba, solarmu ko fitila da ƙyar take ɗauka. Maigidana ya leƙa wajen maƙwabcinmu mai cajin waya, bawan Allah nan ya tayar da janareta, aka jefo mini wayar wuta ta kan katanga. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, na kunna, na bar ta ta gama ƙirgenta.

Ta fara ɗaya, biyu, har sha ɗaya cikin ɗari, sai ta tsaya cak. Na yi sallar azahar na dawo, sha ɗaya. Kai! Yatsana har ya kai kan maɓallin. Maigidana da ya shigo daga gona ya kalle ni ya ce, "Malama, in ɗaure miki hannun ne?" Na harare shi, amma na janyo kwaryar wake na hau tsincewa. Waken da ya ishe mu sati na tsince ranar.

Ana kiran la'asar na ɗaga kai, na ga ta yi tsalle zuwa tamanin. Can sai ta mutu da kanta, sai ga ta ta buɗe kamar ba ita ba. Na nemo muryar, tana nan. Na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, har kaji suka watse. Nan take na kwafe ta a waya.

Yaya ya iso bayan an sauko masallaci, ya rame, ya yi furfura. Da ya ci abinci na ajiye kwamfutar a gabansa. Aka fara jin ƙarar ɓawon gyaɗa, sai muryar Inna.

"Shi wancan na kudu," in ji ta, "tun yana goye ba ya kukan yunwa, sai dai ya yi shiru. Shi ya sa duk cikinku shi na fi ji. In ya ce miki lafiya lau, ki ƙara tambayarsa."

Yaya ya cire hula ya riƙe. Ya ce in sake, na sake. Sau huɗu muka ji. Ni dai daɗi ne ya cika ni, ina kuka ina murmushi.

Da muka gama saurare na ce, "Yaya, ya kudun?"

Ya ce, "Lafiya lau."

Na ce, "Yaya, ya kudun?"

Ya yi dariya yana share ido da hular. Sannan ya gyara zama, ya fara ba ni labari.