Masu Sa Tayil Daga Togo

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na gina ɗakuna shida a Sabon Gari domin ɗaliban jami'a. Yayana magini ne, shi ya ɗora bulo tun daga tushe har rufi, kuma duk wanda ya ga ginin sai ya yaba. Da aka zo sa tayil ne muka tsaya cik. Ƙwararrun da muka sani sun tafi Abuja, waɗansu sun koma tuƙin adaidaita, biyun da suka rage a gari kuwa kowa jiransu yake. Saura mako shida ɗalibai su dawo hutu.

Yaya ya ce shi zai sa da kansa, ai ya sha ganin ana yi. Na bar shi ya fara da banɗaki biyu. Amma na san mutum ɗaya ba zai gama ba, don haka da wata maƙwabciyata 'yar Filato, ma'aikaciyar jami'a, ta ce mini waɗansu mutanen Togo ne suka yi wa cocinsu aiki, ban yi shawara da kowa ba na ce ta kira mini su.

Su biyu suka zo ranar Talata da hantsi, kowa da jakarsa. Babban Musulmi ne mai furfura a gemu, yana jin Hausar zango. Ɗayan ƙanin matarsa ne, magidanci, Kirista, ba ya jin komai sai Faransanci da yarensu. Na duba takardunsu na shigowa, na kai su wurin mai unguwa ya gan su, sannan na ba su ɗakin farko su zauna har su gama.

Hausar dattijon ba ta raba mace da namiji. "Hajiya, ka kwana lafiya?" Haka yake gaishe ni kullum. Matan layinmu suka samu abin dariya, har suna leƙowa su ji. Ni dai ban taɓa gyara masa ba.

A rana ta uku ya aiko a kira ni. Na same shi tsaye a banɗakin da Yaya ya gama, da bokitin ruwa a hannu, Yaya kuma na bakin ƙofa.

Ya ce, "Hajiya, ka zo ka gani."

Ya sheƙa ruwan a ƙasa. Maimakon ya bi rariya ya fita, sai ya gangara kusurwa ya kwanta, sauran ya nufo ƙofa har ya jiƙa mini takalmi.

"Wannan sai an fasa," in ji shi. "In an bari, bango zai sha ruwa, yara su zame."

Yaya ya ce, "Shekara talatin ina gini a garin nan, yau baƙo zai ce a fasa aikina? Ke kika kawo su, sai ki yi magana."

Na dubi ruwan, na dubi Yaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ban taɓa musa masa a gaban mutane ba. Amma ruwan na nan kwance a gabanmu mu duka.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Gininka babu mai taɓa shi. Wannan kam a fasa."

Ya saɓa babbar rigarsa ya hau babur ya tafi. Kwana takwas bai tako wurin ba. Matarsa ta zo har gida ta ce mutane na cewa na fifita bare a kan jinina. Raina ya sosu, ban ɓoye mata ba, amma na ce ta gaya masa ko yau aka sake zuba ruwan amsata ɗaya ce.

Su kuwa aiki suke. Tun da sassafe suke ja igiya, su jiƙa tayil a baho, su ɗora ƙarfen awonsu mai ɗigon ruwa a ciki kafin su danna kowane ɗaya. Ran Juma'a dattijon ya tafi masallaci, ran Lahadi surukinsa ya bi maƙwabciyata coci, wanda ya rage ya ci gaba shi kaɗai. Tuwon dawa ne kawai ya gagare su, sai na koma dafa musu shinkafa da wake.

Rana ta tara da tafiyar Yaya na zo kawo abinci na tarar da babur ɗinsa a ƙofa. Yana tsugune kusa da dattijon, ya riƙe masa bakin igiya, yana tambaya yatsa nawa ake sauke ƙasa daga bango zuwa rariya. Da ya gan ni sai ya ce, "Cebur ɗina na zo ɗauka." Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya," na ƙaro cokali. Banɗaki biyu na ƙarshe shi ya sa musu tayil, dattijon na tsaye a kansa.

Suka gama saura kwana huɗu ɗalibai su dawo. Mutum uku a layinmu suka nemi su tsaya su yi musu aiki. Dattijon ya ce a'a, damina ta kama a wajensu, gonar doyarsa ba ta da mai duba ta.

Yaya da kansa ya kai su tasha, sawu biyu a babur. A hanya ya tsaya bakin gada ya saya wa kowannensu ƙullin bandar kifi ya kai wa iyali. Washegari da safe na share ɗakin da suka zauna, kafin azahar wata ɗaliba daga Taraba ta zo da mahaifinta ta kama shi.